Yoyon baranda

Yoyon baranda shi ne ratsawar ruwa daga daɓen barandar bene zuwa ɗakin da ke ƙarƙashinta. An fi ganinsa a gidajen da aka zuba wa dekin na kankare, aka bar wani sashe na sama a buɗe domin shan iska, aka shimfiɗa masa tayil, alhali a ƙasa falo ne ko ɗakin kwana ko shago. Irin wannan baranda aiki biyu take yi. Ga mutanen sama daɓe ce, ga mutanen ƙasa kuma rufi ce. Yawancin matsalar daga nan take tasowa, domin akan gina ta yadda ake gina daɓen cikin ɗaki, a manta cewa ruwan sama zai sauka a kanta.

A birnin Katsina matsalar ta yawaita ne da yawaitar gidajen bene na bulo da siminti, musamman bayan da garin ya zama babban birnin jiha a shekara ta 1987. A unguwannin da ke bakin tsohuwar ganuwa, irin su Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri, akan ga sabon bene yana jingine da tsohon soron ƙasa. Fili ya yi ƙaranci a cikin gari, shi ya sa wanda ya rushe gidan gado yakan hau sama, kuma baranda ita ce ke maye masa gurbin tsakar gida: a nan ake shanya, a nan ake wanki, a nan ake kwana lokacin bazara.

Kalmomi

Kalmar baranda aro ce daga Turanci, shi ma Turancin daga Indiya ya samo ta. A Hausa tana nufin rumfar gaban ɗaki ta ƙasa, tana kuma nufin ta saman bene. Siminti, kankare, rodi, bulo da tayil duk ta wannan hanya suka shigo, aka gyara musu sauti don su dace da tsarin gaɓar Hausa. Sai dai kalmomin da ke bayyana tafiyar ruwa a jikin gini na gida ne, kuma sun fi na aro rarrabewa. Naso shi ne shatin danshi da ke bazuwa a silin ko bango ba tare da ruwa ya faɗo ba. Tsattsafo shi ne fitowar ruwa kaɗan-kaɗan kamar gumi. Ɗiga ita ce faɗowarsa ɗigo-ɗigo, zuba kuwa sai an tara kwano. Yoyo ya ƙunshe su duka. Bambancin yana da amfani wajen yi wa magini bayani, domin naso da ke bayyana kwana biyu bayan ruwa da zubar da ke farawa tun ana tsakiyar ruwa ba hanya ɗaya suka biyo ba.

Yadda ruwa ke shiga

Barandar da aka saba ginawa hawa uku ce: kankare mai rodi a ƙasa, daɓen siminti da yashi a tsakiya, tayil a sama, sannan a cike tsakanin tayil da farin siminti. A cikin ukun nan babu wanda aikinsa shi ne tare ruwa. Tayil mai kyau, irin na tangaran mai ƙarfi, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, amma ruwa ba ta jikin tayil yake bi ba, ta layukan da ke tsakani yake bi. Farin siminti yana tsotsar ruwa tun yana sabo, kuma da ya sha rana sai ya tsattsage. Ruwan da ya wuce shi yakan taru a cikin daɓen tsakiya, wanda ke riƙe shi kamar soso. Daga nan ba gaggawa yake yi ba. Yana nan kwance har ya sami tsaga a kankare, ko inda aka tsaya da zubi aka ci gaba washegari, ko ramin da aka huda don bututun wayar lantarki.

Yadda ake ɗora tayil yana ƙara dagula lamarin. Wasu masu tayil sukan ɗiga siminti a kusurwoyi huɗu da tsakiya su manna, maimakon su shafe bayan tayil ɗin gaba ɗaya. Wannan yana barin kogo a ƙarƙashi, kuma kogunan sukan haɗu da juna su zama hanyoyin ruwa. Idan aka ƙwanƙwasa irin wannan tayil da maɓalli ko ƙusa, sai a ji yana amo kamar ganga.

Ban da tsakiyar daɓe, akwai wuraren da suka fi rauni. Na farko shi ne kusurwar da daɓe ya haɗu da bango ko rawani, saboda bulo da kankare ba tare suke motsi ba, don haka wurin yakan dare. Sai bakin ƙofar da ke fita baranda, idan tsayin daɓen waje ya yi daidai da na ciki. Sai gindin ƙarafan kariya da aka huda daɓe aka kafa. Sai kuma bakin bututun fitar da ruwa, wanda sau da yawa akan sa shi ƙarami, ko a ɗaga shi sama da daɓe da yatsa ɗaya ko biyu, ta yadda ruwa ba zai fita ba sai ya taru. Saman rawani ma idan ba a yi masa hula ba, ruwa yakan shiga ta ramukan bulo ya gangaro ta cikin bango, ya ɓullo a falo alhali daɓen lafiyarsa lau.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai rashin gangare. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce daɓen waje ya sauka da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ɗaya, zuwa wajen mafitar ruwa. Barandar da ta kai mita 3 ke nan tana buƙatar bambancin santimita 3 zuwa 6 tsakanin bakin ƙofa da bakin bututu. Masu gida da dama sukan so a yi musu daɓe a miƙe don kujera ta zauna daidai, mai tayil kuma yakan ɗauki miƙewar a matsayin gwaninta. A cikin ɗaki gwaninta ce. A waje ita ce mafarin yoyo.

Yanayin Katsina

Ruwan da ke sauka a Katsina a shekara bai da yawa idan aka kwatanta da kudancin Najeriya, kimanin milimita 600 ne, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, baranda mai mita 3 da mita 4 za ta karɓi lita 600, wato jarka 24 masu cin lita 25. Duk wannan ta bututu ɗaya ake so ya fita, wanda wataƙila ƙurar hunturu da leda sun riga sun toshe rabinsa. Hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa barandar da ke fuskantar gabas ta fi shan feshi a bango da bakin ƙofa.

Rana ma tana da nata kason, wataƙila fiye da ruwa. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, tayil mai duhu da ke rana kuma yakan wuce 60. A daren hunturu sanyi yakan sauko ƙasa da 15. Kankare yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi: tsawon mita 5 yakan motsa da kimanin milimita 2 idan zafi ya canza da digiri 40. Tayil yana motsawa ƙasa da haka, kusan kashi biyu cikin uku. Bambancin bai kai milimita 1 ba, amma kullum ake maimaita shi, safe da dare, tsawon wata takwas na rani. Kafin damina ta zo, layukan farin siminti sun buɗe, wani tayil ɗin ya saki, wani ma ya kumburo ya tashi. Wato ɓarnar da rani ake yin ta, damina bayyana ta kawai take yi.

Rufin soro

Rufi mai faɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma magina na da sun san hanyar zama da shi. Akan jera azara, wadda ake faskarawa daga kututturen giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, a shimfiɗa zana ko asabari a kai, sannan a zuba ƙasa a daɓe. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kusan mita 2, don haka a manyan ɗakuna akan yi baka, ko a gitta bakuna su haɗu a tsakiya, abin da ake kira ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a sama. Tulluwa ita kanta dabarar korar ruwa ce, tunda babu inda zai tsaya a kanta.

Saman rufin akan shafe shi da laso ko makuba. Laso haɗi ne na katsi, wato dattin da ake kwasowa daga gindin karofin marina a ƙona a daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin yana hana shafen tsagewa, aikin da raga take yi a kayan zamani. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa shi a yi amfani da ruwan wajen kwaɓi. Sannan a karkata rufin zuwa ga indararo, wanda ake fitar da shi nesa da bango don kada ruwa ya ci gindin gini. Masu bincike irin su Zbigniew Dmochowski da J. C. Moughtin sun rubuta bayanin waɗannan dabaru dalla-dalla. A Katsina, hasumiyar Gobarau da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wanda yanzu gidan tarihi ne, suna nuna yadda ginin ƙasa ke daɗewa idan ana bin sa da yaɓe.

Soro yana yoyo, babu mai musun haka. Amma tsarinsa ya tanadi abu uku: shafe na musamman don tare ruwa, gangare zuwa mafita, da hawa sama kowace shekara kafin ruwan fari a duba a gyara. Da siminti ya zo, an ɗauka ya ɗauke wa mutane wannan wahala, sai aka saki dukkan ukun a lokaci ɗaya.

Illa

Alamar farko ita ce fenti ya kumbura ya ɓare, ko a ga farin abu kamar kanwa yana fitowa a silin da layukan tayil. Wannan sinadarin siminti ne da ruwa ya narkar ya fito da shi, kuma shaida ce cewa ruwa yana ratsa kankaren. Daga nan sai fumfuna da warin danshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 wadda ta danganta zama a ɗaki mai danshi da fumfuna da tari, da tashin asma, da wasu cututtukan numfashi. Idan an yi silin na ado a ƙarƙashin dekin, yakan ɓoye yoyon na tsawon lokaci, ya yi ta shan ruwa har ya yi nauyi ya rufto. Ramin fanka da na ƙwan fitila su ne inda ruwa ya fi ɓullowa, kuma a nan wayoyin lantarki suke.

Babban haɗarin yana cikin kankare. Siminti yana kare rodi daga tsatsa muddin yana lulluɓe da shi, amma jiƙewa da bushewa a kai a kai suna karya wannan kariya. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu zuwa sama, don haka takan tura kankare daga ciki har ya fashe ya faɗo, rodi ya bayyana ja. A barandar da ta zarce bango ta tsaya a iska ba ginshiƙi, rodin da ke riƙe da ita a saman kankaren yake, daf da tayil, wato shi ne farkon wanda ruwa zai tarar.

An ga ƙarshen irin wannan sakaci a wasu ƙasashe. A ranar 16 ga Yuni 2015 wata baranda ta karye a Berkeley da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 6 suka mutu, yawancinsu ɗalibai 'yan ƙasar Ayalan. Bincike ya nuna ruwa ne ya shiga ya ruɓar da katakon da ke riƙe da ita, kuma a 2018 jihar ta kafa dokar duba barandun gidajen haya lokaci-lokaci. A ranar 24 ga Yuni 2021 kuma wani bene mai hawa 12 ya rushe a Surfside ta jihar Fulorida, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta cewa shingen ruwan da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninkaya ya lalace, kuma an shimfiɗa shi ba gangare, ruwa yana kwanciya yana cin kankaren ƙasa. Masu bincike sun gano wasu kurakuran na zane da na gini, amma wannan gargaɗi yana rubuce shekara uku kafin rushewar.

Gano hanyar ruwa

Inda ruwa ke ɗiga a falo ba lallai ne ya zama daidai da inda ya shiga ba, domin yakan yi tafiyar mita biyu ko uku a ƙarƙashin tayil ko cikin bututun waya kafin ya fito. Kafin a zargi ruwan sama ma, ana duba ko da rani ana ganin danshin. Idan ana gani, to tankin ruwa ne ke ambaliya, ko famfo, ko bututun na'urar sanyaya ɗaki, ko kuma wankin da ake yi a barandar.

Gwajin da aka fi dogara da shi shi ne a toshe mafita, a tara ruwa mai zurfin santimita 3 zuwa 5 a kan daɓe ba tare da ya kai bakin ƙofa ba, a yi alama a bango, a bar shi awa 24 zuwa 48 ana lura da silin na ƙasa. Idan ya ɗiga, daɓen ne. Idan bai ɗiga ba, sai a saki ruwan, a koma ana fesa wa rawani, sannan bango, sannan ƙofa da taga, ɗaya bayan ɗaya, ana ba da tazara. Ruwa mai zurfin santimita 5 nauyinsa kilo 50 ne a kowane murabba'in mita. Lafiyayyen dekin ba zai ji shi ba, amma idan kankare ya riga ya fara faɗowa ko an ga ya lanƙwasa, ba a yin gwajin sai injiniyan gini ya duba.

Gyaran sama-sama

Abin da aka fi fara yi shi ne a sake cike layukan tayil, ko a bi su da silikon, ko a shafa wani ruwa mai ƙyalli a saman daɓen. Idan tayil yana manne da kyau, gangare yana nan, kuma yoyon naso ne kawai, hakan yakan kai mutum ƙarshen damina ɗaya. Rani na zuwa zai sake buɗe layukan. Wasu sukan narka kwalta su zuba a kusurwoyi, rana ta narkar da ita a bazara, ta bushe ta tsage a hunturu. Wasu sukan yi wa silin filasta da fenti daga ƙasa, wanda shi ne mafi muni, domin yana kulle ruwan a cikin kankare tare da rodi. Akwai kuma masu ɗora sabon tayil a kan tsoho. Wannan yana ƙara nauyi, yana ɗaga daɓe sama da bakin ƙofa, kuma jiƙaƙƙen daɓen yana nan a ƙasa.

Garin hana ruwa da ake zubawa a cikin kwaɓin siminti yana rage tsotsar ruwa, kuma yana da amfani, amma da zarar daɓen ya tsage aikinsa ya ƙare, tunda ba ya miƙewa.

Cikakken gyara

Gyaran da ke ɗorewa shi ne a sa shinge na musamman tsakanin kankare da tayil, wanda ba ya barin ruwa ya wuce kuma yana iya miƙewa idan gini ya motsa. Ba a iya yin wannan sai an fasa. Ana cire tayil da daɓen tsakiya har a kai ga kankare, da guduma da cizal, a hankali, musamman a barandar da rodinta ke sama. Lokacin da ya dace shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris, don kankaren ya sami makonni yana bushewa. Fasa baranda a watan Yuli kuskure ne, sai dai a rufe ta da tamfal a jira.

Idan kankare ya bayyana, ana wanke shi a duba tsaga. Ƙananan tsagogi akan faɗaɗa su kaɗan a cike da abin liƙi mai miƙewa. Inda rodi ya yi tsatsa, sama ko ƙasa, ana sassaƙe kankaren har bayan rodin, a goge shi da buroshin ƙarfe sai ya yi fari, a shafa masa maganin tsatsa, a mayar da kwaɓin gyara. Idan rodin ya sirance sosai, ko tsagar ta ratsa daga sama har ƙasa, aikin ya wuce birkila, na injiniya ne mai rajista.

Daga nan sai daɓen gangare, da kwaɓin siminti 1 yashi 3 ko 4. Muhimmin abu a nan shi ne gangaren ya kasance a ƙarƙashin shingen ruwa. Idan aka shimfiɗa shinge a miƙe sannan aka karkata tayil a sama, ruwan da ya ratsa layuka zai kwanta a kan shingen ba shi da mafita. A kusurwar bango da daɓe akan yi ɗan cikon siminti mai lanƙwasa, don kada shingen ya karye a lungu. Ana shayar da daɓen ruwa na kwana 7, abin da ke da wuya a hunturu saboda iska tana busar da siminti kafin ya kama. Rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko leda yana taimakawa. Bayan haka sai a bar shi ya bushe.

Shingen da ake samu a kasuwannin kayan gini iri uku ne. Akwai shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 3 ko 4, da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, a gasa bayanta da wutar gas a manna, kowane layi ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 10. Tana da ƙarfi, takan yi shekara 10 zuwa 20 idan an rufe ta, amma tana son busasshen daɓe, in ba haka ba tururi zai kumbura ta, kuma gam ɗin tayil ba ya kama ta, dole a sake zuba daɓe na santimita 4 ko 5 a kanta. A barandar da bakin ƙofarta bai da tsayi, wannan ƙarin kaurin matsala ne. Akwai kuma shafen siminti mai haɗi biyu, gari da ruwan roba, da ake shafawa da buroshi sau biyu, na biyu a gicciye da na farko, har kauri ya kai kimanin milimita 2. Yana jure ɗan danshi, kuma ana ɗora tayil a kansa kai tsaye, don haka ga ƙaramar barandar gida shi ya fi sauƙin sha'ani. Na uku ruwan roba ne zalla, wanda ya fi miƙewa, ya fi tsada, kuma ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai iya ba, domin ƙura ko danshi kaɗan suna hana shi kamawa.

Ko wanne aka zaɓa, nasarar aikin a gefuna take. Shingen yana hawa bango da rawani da aƙalla santimita 15 sama da inda tayil zai tsaya, a tura bakinsa cikin wata 'yar tsaga da aka yanka a bango, ko filasta ta sauko ta rufe shi. Yana shiga ƙarƙashin dokin ƙofa, yana kuma shiga cikin bakin bututu, ba a gefensa yake tsayawa ba. A kusurwoyi akan ƙara masa raga. Ƙarafan kariya an fi so a mayar da su jikin rawani ta gefe maimakon su huda daɓe. Bututun fitar ruwa kada ya gaza inci 3, inci 4 ya fi, kuma yana da kyau a huda mafita ta biyu a rawani, sama da daɓe kaɗan amma ƙasa da bakin ƙofa, don ranar da ta farko ta toshe. Wannan mafita ta biyu indararo ce, ko da an yi ta da roba.

Kafin a ɗora tayil ko guda ɗaya, ana maimaita gwajin tara ruwa na awa 48. Mai gida da ya biya kuɗin aiki kafin wannan gwaji ya saki igiyar da ke hannunsa. Idan silin ya kwana biyu a bushe, sai a ɗora tayil na waje, mara santsi, mai haske don rage zafi, da gam ɗin tayil da aka baza da cokali mai haƙora har ya cika bayan tayil ɗin. Ana barin milimita 3 zuwa 5 tsakanin tayil da tayil. A gefen bango duka, da kuma kowace mita 3 a tsakiya, ana barin layi a cike shi da abin liƙi mai laushi maimakon siminti, don daɓen ya sami wurin motsi. Silin na ƙasa shi ne ƙarshe, kuma ba a yi masa fenti sai ya bushe sarai, wanda kan ɗauki makonni.

Wata hanyar da mutane da yawa suke bi a Arewa ita ce a yi wa barandar rumfar kwano. Tana rage ruwa da rana gaba ɗaya, kuma sau da yawa ta fi fasa daɓe araha. Sai dai ba ta hana feshin gabas ko ruwan wanki, ba ta warkar da rodin da ya riga ya yi tsatsa, kuma idan ba a ɗaure ta da kyau ba iskar farkon damina takan yaye ta.

Wanda gyara ya hau kansa

A gidan haya, al'ada ita ce gyaran jikin gini na mai gida ne, mai haya kuma ya kula da share mafitar ruwa, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Rigima ta fi tasowa a gidan gado, inda wani ya sami sama wani ya sami ƙasa. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sanin wannan mas'ala. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Katsina, ta ɗora gyaran ginin ƙasa da itacen rufinsa a kan mai ƙasa. A gefe guda kuma akwai ƙa'idar kawar da cuta, wadda ke hana mai sama barin ruwan wankinsa ko toshewar bututunsa su ɓata ɗakin ɗan'uwansa. Baranda mai tayil ta faɗa tsakanin biyun, tunda kankaren rufin na ƙasa ne, daɓen kuma na sama ne, shi ya sa sulhu yakan ƙare a raba kuɗin: mai sama ya ɗauki tayil da shinge, mai ƙasa ya ɗauki silin.

Kulawa

Bayan gyara, abin da ya rage kaɗan ne. A watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari, ana kwashe ƙurar da hunturu ya tara, a zuba bokitin ruwa a ga ko yana tafiya kai tsaye zuwa mafita, a ƙwanƙwasa tayil, a duba abin liƙin gefen bango, wanda rana kan cinye shi cikin 'yan shekaru. Tukwanen fure da buhunan hatsi ana ɗora su a kan katako ko bulo don ƙarƙashinsu ya sha iska. Idan za a kafa farantin tauraron ɗan'adam ko ƙarfen sola ko igiyar shanya, a jikin bango ake hudawa, sama da inda shingen ya tsaya.